Ots Mai Jure Cuta: Tambayoyin Manoman Jos da Amsoshinsu

Wata Asabar, a taron manoman dankali a Bukuru, na yi suɓul da baka na ambaci ots cikin amfanin gonar da ke son sanyi irin namu. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wani ya tare ni a Farin Gada ina cinikin kabeji, wata Hajiya ta aiko ɗanta har gida. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda kowa ya ɗebi tasa. Na bar su da lafazin masu su.

Malam, wai shi ots ɗin nan shuka ne, ko haɗi ne na kamfani?

Shuka ne, Hajiya. Hatsi ne, dangin alkama da sha'ir, masana na kiransa Avena sativa. Tsayinsa yakan kai ƙugun mutum ko ya ɗara, zangarniyarsa kuma a warwatse take, 'ya'yan suna reto kamar 'yan kunne. Duniya na noma tan miliyan 20 zuwa 25 a yawancin shekaru. Rasha da Kanada ne a gaba wajen noma, Kanada kuma ta fi kowa sayarwa waje. A Afirka ana noma shi a Habasha, Afirka ta Kudu, Maroko, Aljeriya da tsaunukan Kenya. Kaso mai yawa dabbobi ke ci, musamman dawaki da shanun madara. Darajarsa a bakin mutane ta ƙaru ne tun 1997, lokacin da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwali cewa wani sinadarin da ke cikinsa, beta-gulukan, yana taimakawa wajen rage kitsen jini.

Na shuka na gwangwani a bayan gida, ko tsiro ɗaya ban gani ba. Gurɓataccen iri suka sayar mini?

Ɗan'uwa, ni ma na taɓa yi. Ina saurayi na saci rabin gwangwanin Quaker na mahaifiyata, na yi kunya biyu a bayan ɗaki, kwana goma ina ban ruwa safe da yamma. Tururuwa da kajin maƙwabta ne suka ci riba.

Abin da ke cikin gwangwani ya riga ya mutu. An cire masa ƙaiƙayi, an turara shi, an busar, sannan aka bi ta kansa da abin nadi ya baje. Dole ne a yi masa haka, domin ots ya fi sauran hatsi mai, kuma in aka fasa ƙwayar ba a turara ba, cikin ɗan lokaci man zai lalace ya yi ɗaci. Irin shuka daban ne, da rigarsa yake zuwa.

Wace cuta ce ake ta hidimar neman ots mai jure mata?

Cututtukan suna da yawa, amma sarkinsu tsatsar ganye ce. Wata funfuna ce mai suna Puccinia coronata. In ta kama ganye za ka ga ƙuraje ƙanana masu launin lemo, in ka shafa da farin ƙyalle sai ya ɗebo gari kamar an barbaɗa kurkum. Wannan garin shi ne irin cutar, iska ke ɗaukarsa, tana iya kai shi ɗaruruwan kilomita. Abin da yake bukata kaɗan ne: ganye ya kwana da raɓa na 'yan sa'o'i, yanayi kuma ba zafi ba sanyi can ba, wajen digiri 15 zuwa 25. Cikin kwana 7 zuwa 10 sabon ƙurji ya fashe ya fitar da nasa garin. Lissafa sau nawa hakan zai maimaitu a damina ɗaya. Ganyen da ya kamata ya ciyar da zangarniya sai ya bushe tun lokaci bai yi ba, ƙwaya ta fito a shanye ba nauyi, kara ya yi laushi ya kwanta. A 2014 an ƙiyasta cewa jihar Minesota ta Amurka ta yi asarar rabin ots ɗinta saboda ita.

Duk wanda ya san Agustan Jos, da hazon safiya da yayyafin da ba ya ɗaukewa, ya riga ya gane dalilin da ya sa nake jan wannan magana.

Bayan ita akwai tsatsar kara, wadda ƙurajenta suka fi duhu da tsawo. Akwai burtuntuna, irin wadda muka sani a dawa, mai mayar da zangarniya baƙin gari. Akwai wata ƙwayar bairas da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, tana mayar da ganye ja, shuka ta tsugune. Akwai kuma funfunar Fusarium mai barin guba a cikin ƙwaya, wadda ta fi damun ƙasashen arewacin Turai.

In an ce iri yana jure cuta, shi ke nan ba zai taɓa kamuwa ba?

A nan ne mutane ke ruɗuwa, masu sayar da iri kuma ba su cika son a yi bayani ba.

Juriya iri biyu ce. Ta farko ƙwayar gado guda ɗaya ke riƙe da ita, wato ɗaya daga cikin abubuwan halitta da shuka ke gada daga iyayenta. Ɗauke ta kamar maigadin da ya haddace fuskar ɓarawo ɗaya: da ya hango shi zai rufe ƙofa, ganye ya zauna fes ba ko ɗigo. To amma ranar da ɓarawon ya sake rawani, maigadi da kansa zai yi masa sannu da zuwa. Wani masani Ba'amurke, Harold Flor, shi ya fayyace wannan tun shekarun 1940. A ots an gano irin waɗannan ƙwayoyin gado fiye da 90 na tsatsar ganye kaɗai, ana yi musu lamba, Pc2, Pc38, Pc68 da sauransu. Mafi yawansu cutar ta riga ta san hanyar wuce su. A Arewacin Amurka sabon iri mai dogaro da irin wannan kariya sau da yawa ba ya wuce shekara biyar kafin tsatsa ta karya shi.

Ta biyu ƙwayoyin gado da yawa ne, kowace da ɗan nata ƙoƙarin. Shukar tana kamuwa, amma ƙurajen ba su da yawa, ƙanana ne, suna jinkirin fashewa, kafin cutar ta yi ƙarfi hatsi ya riga ya cika. Ba ta da kyan gani a gonar nuni, baƙo zai wuce ta ya tsaya a kan mai ganye fes. Ni dai ita zan zaɓa, domin ita ke daɗewa.

Ka taɓa ba da labarin wani iri da ya jawo wa Amurkawa asara. Maimaita mana.

Victoria ke nan. An kai shi Amurka daga Yurugwai a 1927, aka ga tsatsa ba ta taɓa shi. Masu ƙirƙirar iri suka yi ca a kansa, aka yi ta haɗa shi da na gida, a farkon shekarun 1940 aka fara sakin 'ya'yansa ga manoma, cikinsu har da Vicland na Jami'ar Wiskonsin. Kafin 1945 jikokin Victoria sun mamaye mafi yawan gonakin ots a jihohi irin su Ayowa. A 1946 sai ga wata cuta da ba wanda ya san da zamanta, funfuna ce mai fitar da guba, tana ruɓar da saiwa da gindin kara. Da aka bincika sai aka tarar jikokin Victoria kaɗai take kashewa, kuma gadon da ya kare su daga tsatsa shi ne dai ya buɗe wa gubar ƙofa. Garin neman gira aka rasa ido. Manoma suka gudu zuwa 'ya'yan wani iri mai suna Bond da aka kawo daga Ostireliya, cikin shekarun 1950 tsatsa ta karya su su ma.

Masu dankali a Bokkos da Mangu ba sa bukatar a fassara musu wannan. Sun ga abin da ke faruwa in kowa a gari ya shuka iri ɗaya, cutar ƙunar ganye ta sauka a daminar da ta yi ruwa.

Yaya ake haɗa auren iri biyu? Allura ake yi musu?

Ba allura, haƙuri ne da ɗan hantsaki. Furen ots yana barbarar kansa, namiji da mace a ɗaki ɗaya suke. Mai aikin zai zauna a kan 'yar kujera, ya buɗe fure guda da bakin hantsaki tun bai nuna ba, ya zare 'yan sandunan bununi guda uku da ke ciki ba tare da ya ƙwarzani macen ba, ya rufe da 'yar jakar takarda. Bayan kwana ɗaya zuwa uku ya ɗebo bununin uban da yake so ya zuba, ya sake rufewa, ya rataya takarda mai sunan uwa da uba. Ots yana da gardama a wannan wuri fiye da alkama, furanni da yawa ba sa ɗauka. Mutum zai wuni ya tashi da ƙwaya 'yan kaɗan.

Daga nan ne doguwar tafiya ke farawa. Jikoki sukan fito kowa da kamarsa, wani dogo, wani gajere, wani mai jure cuta amma ba ya bayarwa. Ana shukawa ana zaɓe ana zubarwa, zuriya bayan zuriya, har sai layi, wato tsatson da aka zaɓa, ya daidaita, wajen zuriya ta shida. Sannan gwajin yawan amfani. Daga ranar aure zuwa ranar da iri zai shiga buhun manomi, shekara 10 zuwa 12 ne a al'ada. Ka tuna na ce tsatsa na iya karya shi cikin biyar.

Shi ya sa ake neman hanyar yanke. Masu aikin a Kanada suna aika iri Niu Zilan lokacin da ƙanƙara ta rufe gonakinsu, su samu girbi biyu a shekara. Wasu na kunna wa shuka fitila awa 22 a rana cikin ɗakin gilashi don ta yi saurin fure. A 2022 kuma aka wallafa cikakkiyar taswirar gadon ots, wadda ta ninka ta ɗan Adam fiye da sau uku, yanzu ana iya yankar ɗan ganye a duba ko tsiro ya gaji abin da ake nema tun yana ƙarami.

Me ya sa sai an haɗa da wasu ƙasashe? Kowa ba zai yi nasa ba?

Dalili na farko, maganin ba a gida ɗaya yake ba. Da yawa daga ƙwayoyin gadon da ke kare ots a Kanada da Amurka an samo su ne daga ots ɗin daji, Avena sterilis, wanda ke fitowa kamar ciyawa a Isra'ila, Maroko, Tunisiya da sauran ƙasashen gaɓar Bahar Rum, inda ya shekara dubbai yana kokawa da tsatsa. Ana adana irin waɗannan a rumbunan iri na Saskatun a Kanada, da Abadin ta jihar Aidaho a Amurka, da cibiyar Vavilov a Rasha. Wata yarjejeniyar duniya da aka amince da ita a 2001, ta fara aiki a 2004, ta sa ots cikin amfanin da ƙasashe ke musayar irinsu don bincike.

Na biyu, ana so a kai iri inda cuta ta fi mugunta. A Sent Fol ta Minesota, tun shekarun 1950 aka dasa shingen wani itace mai suna bakton kewaye da filin gwaji da gangan. A jikin ganyensa ne tsatsar ke aure ta haifi sababbin nau'o'inta, saboda haka duk layin da aka shuka a wurin yana haɗuwa da ɓarayi masu rawani iri-iri a lokaci ɗaya. Kudancin Brazil ma haka yake, tsatsar can ta yi suna wajen saurin rikiɗa.

Misalin da na fi so shi ne shirin da Farfesa Shands na Jami'ar Wiskonsin ya fara a 1974 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, kamfanin Quaker ya karɓi ɗaukar nauyinsa a 1977. An riƙa haɗa auren a jami'o'in Amurka, daga baya har da na Teksas, Fulorida da Luwiziyana, sai a aika zuriyar da ba ta gama daidaita ba zuwa Brazil, Ajantina, Chile, Yurugwai da wasu ƙasashe. Kowace ƙasa ta shuka a ƙasarta, ƙarƙashin cutarta, ta zaɓi nata, ta aiko da sakamako. Brazil da ke sayo ots daga waje ta koma tana noma abinta da irin da jami'o'inta na Porto Alegre da Passo Fundo suka fitar. Lura da abin da aka aika musu: kayan zaɓe ne, ba gamammen iri ba. 'Yan ƙasa ne suka yi zaɓen, shekara da shekaru, a cikin gona.

Shi gwajin gona yaya yake? Ba shukawa kawai ake yi a ga wanda ya fi kyau ba?

Da haka ne da kowa ya zama masani. Ana yanka fili ƙanana-ƙanana, kowane iri a maimaita shi sau uku ko huɗu a wurare daban, kuma ƙuri'a ke raba wurin, don kada wani ya faɗa inda shanu suka taɓa kwana a ce shi ne gwani. Ana sa sanannen iri a ciki a matsayin ma'auni. A gefe da tsakani kuma ana shuka layin irin da aka san ragon gaske ne, aikinsa ya kamu ya yaɗa wa kowa, kada wani ya tsira don sa'a. Mai duba cuta yana bi layi-layi da littafi, yana rubuta kashi nawa cikin ɗari na ganye ƙuraje suka rufe, da girman ƙurjin. In shekarar ta yi tsatsa sosai, yakan fito da wando ruwan lemo daga gwiwa zuwa ƙasa. Ana rubuta ranar fitar kai, tsayi, kwanciya, nauyin ƙwaya, da yawan abin da ya rage bayan an cire ƙaiƙayi, wanda yakan cinye wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin. Sai a maimaita a garuruwa daban-daban, shekara biyu ko uku.

A Najeriya ma tsarin ke nan: gwaji a tashar bincike, gwaji a wurare da yawa, gwaji a gonakin manoma, sannan kwamitin ƙasa mai rajista da sakin iri, wanda ke zama a Ibadan, ya amince.

To Yallaɓai, kai tsaye: zai yi a Jos?

Sanyin ya isa. Muna kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, ots kuma ya fi alkama da sha'ir haƙuri da ƙasa mai tsami irin tamu. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba, tsawon yini. Ots na ƙasashen arewa ya saba da yinin awa 16 ko fiye a lokacin nomansu, shi ke gaya masa ya fitar da kai. Mu nan yininmu bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara. Kawo irin Kanada ko Finlan, yana iya tsayawa yana ta ganye, ya yi jinkirin haihuwa ƙwarai. Akwai irin da tsawon yini bai dame su ba. Wani masani a Ottawa, Vernon Burrows, ya yi suna a kan wannan, shi ne kuma ya yi aiki a kan ots marar riga da ya karɓu a ƙasar Sin. In ni ne mai nema, wajen Habasha, Kenya da Brazil zan fara dubawa, ba Turai ba.

Sai lokacin shuka. In ka bi ruwan farko na Afrilu, zai nuna a tsakiyar marka, ga tsatsa ga ruɓewa. Gara a ja shi yadda girbi zai faɗo bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba. Ko kuma a yi shi da rani a bakin kududdufan haƙar kuza, lokacin hunturu, inda bushewar iska ke rage tsatsa, ko da yake a nan darɓa da tsuntsaye ke jira.

Ba irin nan ba ne da ake sauya wa halitta a ɗakin gwaji?

A'a. Babu ots irin wannan a kasuwar duniya. Duk abin da na bayyana aure ne tsakanin ots da ots, ko ots da danginsa na daji.

Ƙanena yana Kanada. In ya zo hutu ba sai ya riƙo mini mudu ɗaya a jaka ba?

Kada ka sa shi, Alhaji. Shigo da iri sai da izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa da takardar lafiyar shuka daga ƙasar da ya fito. Ba don wahalar da mutane aka yi dokar ba. Burtuntuna a jikin ƙwaya take tafiya, ido ba ya ganinta. Mafi muni, akwai ots ɗin daji mai suna Avena fatua da ke ɓuya cikin iri, yana zubar da 'ya'yansa kafin girbi, su yi shekaru a ƙasa suna fitowa. Manoman alkama a ƙasashe da yawa suna kashe maƙudan kuɗi a kansa. In kana da niyya da gaske, bi ta hannun jami'a ko cibiyar bincike, su ke da hanyar nema daga rumbunan iri.

Feshi ba zai wadatar ba?

Yana aiki in an yi shi da wuri, lokacin da ganyen ƙarshe na sama ya fito. Amma ots ba tumatir ba ne, ribarsa a kadada ba ta ɗaukar feshi uku. In kuma don dabbobi ka shuka, dole ka jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ka yanka.

Ni shanun madara gare ni a wajen Vom. Ina ruwana da ƙwaya?

Kai ne ma na fi gani da riba nan kusa, Baba. Ba ka bukatar injin cire ƙaiƙayi, ba ka bukatar turarawa, ba ka gasa da na gwangwani. Ana yanka shi lokacin da ƙwaya ke ruwan nono, a ba shanu ɗanye ko a busar a yi ingirici don Fabrairu da Maris, sa'ad da ciyawa ta ƙare. Manoman tsaunukan Habasha suna haɗa shi da wata ciyawa dangin wake a gona ɗaya don ƙara masa gina jiki. Amma juriyar cuta ta fi shafarka fiye da kowa, tunda ganyen kake nema, shi kuma tsatsa ke ci. Ga mai dankali kuma, ots ba ya ɗaukar cutar ƙunar ganye, ya dace a hutar da gona da shi.

Muna da acca. Me za mu yi da hatsin Turawa?

Wannan tambayar ta fi burge ni. Ba zan ce wa kowa ya tuge acca ya shuka ots ba. Acca ta san ƙasar nan, tana yi a tsandaurin da ba abin da ke yi, tana da tashar bincikenta a Riyom, kuma masu ciwon suga a Abuja da Legas na nemanta da tsada. Da a ce za a ba ni kuɗin bincike in zaɓi ɗaya, acca zan ba. Sai dai kantunanmu cike suke da ots da aka sayo da dala, shanunmu kuma na ramewa da rani, shi ya sa nake ganin ya cancanci kusurwar gona.

In na samu iri ta halastacciyar hanya, yaya zan gwada a 'yar gonata?

Kada ka karɓi iri ɗaya, nemi uku ko fiye. Kowane ka yi masa fangali uku, taku uku-uku, a warwatse cikin gonar. Sayi littafi na musamman. Rubuta ranar shuka da ranar da rabin fangali ya fitar da kai. Daga tsakiyar Yuli ka riƙa shiga duk mako da farin ƙyalle, ka fara duba ganyen ƙasa, nan cutar ke soma zama. Duk tsiron da ya zarce 'yan'uwansa tsayi, ƙwayarsa baƙa mai gashi da dogon tsinke a lanƙwashe, tuge shi ka ƙone kafin ya zubar. In an girbe, auna kowane fangali da mudu sannan ka ɗora a sikeli, domin mudu biyu na iya cika daidai ɗaya ya fi ɗaya nauyi nesa ba kusa ba, mai nauyin shi ne ya ci. Ajiye irin kowane a buhunsa da suna a ciki da waje. Ka yi haka damina uku, ko da ta farko ta yi kyau, domin shekarar da tsatsa ba ta zo ba kowane iri jarumi ne. In ka ga ƙurajen da ba ka gane ba, yanki ganyen ka shimfiɗa shi cikin tsohuwar jarida ya bushe, kada ka sa a leda don zai ruɓe, ka kai wa malamin gona ko sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Jos.